Yadda Na Fito Daga Birnin Za-a-yi da Harafi Ɗaya

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa bai bar ta rabi ba, ya ɗaga sama bai ce sai gobe ba. Ni ce Barira 'yar Malam Sambo mai gyaran keke, 'yar aji biyu a makarantar 'yan mata, wadda ta shiga ta ƙofa ɗaya ta fito ta wata, ta tafi da haruffa shida ta dawo da guda. Wanda ya ji ya riƙe, wanda bai yarda ba ga hijabina ya duba.

Yaya Saratu, don Allah ajiye tsintar shinkafar nan ki saurare ni. Na sani ban cire takalmi ba, zan cire. Fara duba nan tukuna, bakin hijabin, inda kika ɗinka mini sunana da jan zare don kada ya ɓata a makaranta. Me kika gani? B kaɗai ko? To, ba ni na tsefe ba, kuma ba wanki ba ne.

Kin san tsohon siton nan na bayan ajinmu, mai karkatacciyar ƙofa, wadda aka rubuta wa "Za a gyara" da farin fenti. Ke ma kin ce tun kina aji ɗaya rubutun yana nan. Yau da muka dawo daga hutun tara, Malama Asabe ta aike ni in ɗauko alli. Ni ake aika kullum, tunda ba ni da bajo, ni ba monita ba, ni ba firifet ba. Na tura ƙofar ta ƙi. Na sa kafaɗa, ta buɗe gaba ɗaya, na faɗa ciki da hannuwa. Abin da tafina ya taɓa ba siminti ba ne. Ƙasa ce mai sanyi kamar ta gindin randa.

Da na ɗaga kai, fili ne iya ganinki, kuma duk abin da ke cikinsa rabi ne. Rijiya an haƙa gaba biyu an bari. Ɗakuna sun kai linta ba rufi. Riga mai hannu ɗaya a rataye jikin itace, allurar tana lilo ba iska. Har da wani keke mai ƙafa ɗaya da na rantse na taɓa gani a rumfar Baba. A kan kowane abu wasu fararen tsuntsaye ne marasa ido, suna cewa "gobe, gobe" a hankali, kamar masu zaman jinya.

Na waiga. Ba ƙofa, ba sito, ba makaranta.

Don in kwantar da hankalina na ce a fili, "Ba komai, za a zo nema na."

Sai na ji ƙarar tauna a bayan kunnena, irin ta akuya idan ta samu takarda. Na duba hijabina, na ga A ɗin ƙarshe yana warwarewa da kansa. Zaren ya faɗi ƙasa, ya yi motsi kamar jar tsutsa, ya nutse. Sunana ya koma BARIR.

Gudu na yi, Yaya, ban san inda na nufa ba, har hancina ya kama ƙanshin koko. Na bi ƙanshin ya kai ni ƙofar wani birni wanda ganuwarsa ta tsaya a ƙugu. Mutanen ciki manyan riguna, manyan rawuna, tafiya a natse. Amma fuskokinsu sumul suke kamar bayan ƙwarya. Ba ido, ba hanci, ba baki. Magana daga ƙirjinsu take fitowa, kuma ladabi gare su ba kaɗan ba. Duk wanda ya wuce ni sai ya ɗan rusuna ya ce, "An zo lafiya? An sha hanya. Za a kawo ruwa." Ba wanda ya kawo.

Mai kokon tsohuwa ce a gindin tsamiya, ita kaɗai ce mai fuska a garin, duk da idanunta sun yi fari ba ta gani sosai. Tun kafin in yi sallama ta ce, "Wannan takun ba na garin nan ba ne, yana sauri. Zo nan, 'yar nan. Ni ce Tabawa, ni zan ba ki koko."

Ta zuba, ta miƙo. A hannuna na ji shi da zafinsa. Na sha ina kuka ina ba ta labari, ita kuma tana shafa bakin hijabina da yatsa tana karanta ɗinkin.

"Ya riga ya ɗanɗana ki," in ji ta.

"Wa, Iya?"

Ta toshe mini baki da tafinta mai warin tsamiya. "Wannan kalmar ki rage mata ƙarfi. Nan Birnin Za-a-yi ne. Duk abin da mutum ya ce za a yi bai faɗi mai yi ba, a kowace duniya, nan yake faɗowa. Kuma mai garin shi ne A."

"A kawai?"

"Mai Girma A. Ba ki taɓa jin ana cewa a share, a gyara, an ce, za a duba ba? Kina tsammani da wa ake? Shi ne. Ba ya share komai, ba ya gyara komai. Suna yake ci. Kowace safiya zai ci harafi ɗaya daga naki, kuma duk lokacin da kika jingina masa aiki da bakinki zai ƙara ɗaya. Ranar da sunan ya ƙare, fuskar ta bi shi, sai su naɗa miki sarauta ki zauna."

Ta ja ni, tana dogara sanda, muka fita bayan gari. Ƙasa ta ƙare a wurin kamar an yanke ta da wuƙa. Rami ne ba a ganin ƙarshensa, cike da farin hayaƙi, kuma daga ciki muryoyi suke tasowa ƙasa-ƙasa, dubbai, irin na mutane a wurin taro: za a duba, za a zauna, za a sanar. Ginshiƙan dutse sun fito daga hayaƙin a jere, an ɗora dogayen katakai daga wannan zuwa wancan. Can a ɗaya gaɓar, ita kaɗai a tsaye ba bango, ga ƙofar sitonmu.

"Ƙofar shiga daban, ta fita daban," in ji Iya Tabawa. "Shekara arba'in ke nan ana gadar. Da magariba hayaƙin yake hawowa ya rufe ta, ba mai taka ta sai rana ta fito."

Na ce ta kai ni wurin masu aikin. Ta kai ni zauren shawara, muka raɓe a bakin ƙofa. Manya huɗu ne a zaune: Sarkin Gada, wanda shi ne babba, da Sarkin Awo dogo kamar giginya, da Sarkin Sassaƙa ɗan dunƙule, da Sarkin Igiya. A gabansu doguwar karaga ce ta maɗaci mai ƙafa huɗu, ba kowa a kai. Amma shimfiɗar da ke kai ta loɓa a tsakiya, Yaya, kamar wani mai nauyi yana zaune. Kuma loɓawar tana hawa tana sauka.

Sarkin Gada ya ce, "Maganar gada, ya kamata a ƙarasa."

Sauran suka ce, "Gaskiya ne, a ƙarasa."

"Za a duba abin da ya rage."

"Za a duba."

Karagar ta yi ƙara irin ta wanda ya ƙoshi ya gyara zama. Suka shafa fatiha, suka tashi.

Na buɗe baki zan yi magana, Iya ta mintsine ni. A hanya ta ce, "A garin nan yaro ya dubi babba ya ce masa wa zai yi, daidai yake da zagi. Kamar kin ce masa malalaci ne a gaban jama'a. Hukuncinsa su raka mutum inda gada ta tsaya su ce ya ci gaba da tafiya."

"Ashe akwai aikin da suke gamawa."

"Shi kaɗai," in ji ta. "Ba su taɓa ɗaga shi zuwa gobe ba."

Washegari na farka na duba, R ya tafi. Saura BARI. Na zauna a gindin tsamiya na ƙi ko motsi. Me 'yar aji biyu za ta yi wa abin da sarakuna huɗu suka kasa? Iya ta shafa ɗinkin ta yi dariya har da tari.

"Kin ga, sunanki ma yanzu yana ce miki ki bari. Za ki bi shawararsa?"

"To ke me ya sa ba ki yi komai ba, Iya, shekara arba'in?"

"Na yi magana sau ɗaya, suka ce za a duba maganata. Kuma ba ni da idon hawa gada. Ni koko na sani. Kullum na ce ni zan dama, kuma na dama, shi ya sa ya kasa cin ko wasali ɗaya a sunana. Ke kina da ido da ƙafa. Kin ma je kin ga abin da ya rage, ko kin tsaya jin tsoronsa daga nesa?"

Kunya ta kama ni. Na tashi na hau gadar, ina kallon ƙafafuna kawai, muryoyin nan suna lasar dugadugaina. Na yi ta tafiya har katako ya ƙare. Na ƙirga ginshiƙan da ke gabana. Yaya, katako bakwai ne kacal ya rage. Bakwai. Shekara arba'in.

Daga nan na bi su gida-gida, ina gaisuwa har ƙasa, ina cewa ni baƙuwa ce mai son ganin sana'a. Ba wanda ya ƙi. Kin san babba da son a tambaye shi aikinsa.

Sarkin Awo ya ce, "Aikin awo an gama shi tuntuni. Tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi kamu shida ne." Ya gwada mini a hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Hannun nan ya kusa tsawon ƙafata.

Sarkin Sassaƙa ya ce, "An aiko cewa kamu shida, kamu shida ake yankewa. Amma duk wanda aka kai, sai ya zurma cikin hayaƙi. Ramin ne yake faɗaɗa, ba shakka." Shi ma ya gwada mini kamunsa. Da kaɗan ya fi nawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, katakan farko fa, da suka zauna daidai?"

"Na marigayi mahaifina ne. Dogon mutum ne, Allah ya ji ƙansa."

"Kun taɓa zuwa bakin gadar tare da Sarkin Awo?"

Ya ja rigarsa. "Sarautata ta girmi tasa da kwana tara. Shi ya kamata ya fara zuwa gaishe ni."

Shi kuma Sarkin Igiya na same shi a tsakiyar tsaunukan igiya, wasu sun fi soronmu tsawo, yana ta tufka. Ya ce ba a taɓa aiko masa cewa ana buƙata ba, kuma ba girmansa ba ne ya kai kaya inda ba a nema ba.

Na sari doguwar gora a bakin rafi, na hau gada, na gwada ta da tsohon katako mai kyau, na yanke daidai. Na jawo ta har rumfar sassaƙa na shimfiɗa kusa da wani sabon katako. Ya gaza da kusan taku biyu. Kuma itacen da ya rage a garin gungume bakwai ne, duk sauran dajin ya tafi cikin rami.

Rana ta uku na tashi da BAR. Na yi ƙoƙarin tuna launin ƙofar gidanmu na kasa. Na san ina da yaya, amma muryarki ta ɓace mini.

Na ce, "Iya, na san ciwon. Amma idan na faɗa a zaure ba tare da kowa ya ɗauki nasa ba, cewa za su yi za a gyara. Dole in tambayi wa. Idan kuma na tambaya, su raka ni."

"To?"

"Idan ba ni ce mai tambayar ba fa? A garin nan, idan mutum ya ce an ce, akwai mai tambayarsa wa ya ce?"

Ta ajiye ludayi. "Babu. Amma zai ci harafi."

"Na sani. Ki ce mini in tambaya, don kada in yi ƙarya."

"Je ki tambaya, ja'ira," in ji ta. "Kuma ki ja ni mu tafi, akwai abin da za ki buƙata wanda ba ki da shi."

Muka shiga zaure daidai Sarkin Gada yana cewa ya kamata a ƙarasa. Na durƙusa a tsakiya, gorata a gabana, na sunkuyar da kai yadda 'yar aike take yi. Na ce, "Allah ya ja zamaninku, an ce in tambaya."

Taunar nan ta zo a bayan kunnena. Ina kallo R ya sulale ya bi ƙasa ya shige ƙarƙashin karaga. Saura BA. Amma manyan nan huɗu duk sun gyara zama sun fuskanci karagar, don a tsammaninsu daga can saƙon ya fito.

"A faɗa," in ji Sarkin Gada.

Na ba su labarin kamu biyu, ban ce laifin kowa ba ne. Na ce gorar nan ita ce kamu shida daga yau, ba hannun kowa ba. Sannan na ce, "Tambayar ita ce, wa zai yanke katako uku daidai da gorar nan kafin la'asar?"

Shimfiɗar karagar ta daina hawa da sauka.

Sarkin Sassaƙa ya ce, "Ofishin sassaƙa zai…"

"Suna ake so, ranka ya daɗe."

Ya ɗaga hannu ya shafa inda fuska take a da. "Suna," in ji shi. "Ina da shi. Na san ina da shi."

Daga bakin ƙofa Iya Tabawa ta ce, "Mati ne. Mati mai lashe ludayi idan na juya baya. Tun kana tsirara nake ba ka koko."

Yaya, da kin ga abin. Ya ce, "Ni… ni Mati, ni zan yanke." Fatar nan mai sumul ta tsage a hankali, baki ya fito, da giɓi a gaba. Ya taɓa leɓensa yana ta maimaita "ni, ni" kamar mai ɗanɗana zuma.

Na ce, "Wa zai tsaya kusa da shi ya riƙe gorar?"

"Tanko, tashi," in ji Iya. "Kai da ka yi fitsari a zanina ranar sallah, yau kake ƙyashin zuwa gaida Mati?"

Dogon nan ya miƙe ya ce shi Tanko zai riƙe, sai ga idanu biyu suna ƙifce-ƙifce. Sarkin Igiya Bawa ne, ya ce shi zai kai igiya bakin gada kafin azahar. Sarkin Gada kuwa Cindo ne, na ma ga ɗan yatsansa na shida a gefen hannu. Sannan ya ce, "Ni fa? Shekara arba'in ban san abin da nake yi ba ban da buɗe taro."

"Masu ɗauka goma sha biyu muke so, ranka ya daɗe, kuma kai kaɗai za su ji wa. Amma kowanne da sunansa."

"Ni Cindo zan kawo su," in ji shi. "Iya, za ki tuna mini su?"

Na ɗauki gawayi daga murhun koko na rubuta a bangon zauren: suna, aiki, lokaci. Da azahar na je na duba igiya da idona. Kafin magariba katako uku sun zauna daram, Mati da Tanko suna musu a kan wanda ya fi cin kokon Iya suna yara.

Rana ta huɗu. B kaɗai. Na leƙa randar Iya don in wanke fuska, na ga girata babu, hancina ya fara lafewa kamar an danna ƙullu. Idan rana ta sake fitowa a kaina a garin nan, shi ke nan.

Na zaga kowa tun hantsi. Katako na huɗu ya hau, na biyar, na shida. Da la'asar na ga Mati yana ta share rumfa, wurin da ba datti. Da farko zan ce masa an gama? Na kama bakina. Na zauna a kan gungumen ƙarshe na ce, "Baba Mati, me ya tsare ka?"

Ya dubi hagu da dama. "Tashi daga kai, 'yata." Ya sa ƙafa ya taka gungumen, ya ruguje kamar busasshen tuwo. Gara ta cinye cikinsa. "Tun jiya na gani. Kunya ta hana ni faɗa. Na ce ko za a…" Ya toshe bakinsa da hannu biyu.

"Gara da ka faɗa yanzu, da sauran rana. Ina wani itace mai tsawon gorar nan a garin?"

Muka bi gari da gora, ni da manyan huɗu, muna gwada ƙyaure da azara da turmi. Duk sun gaza. Rana tana yin ja, hayaƙi ya fara lasar gindin ginshiƙai. A ƙofar zaure Tanko ya tsaya cak. Idon mai awo ne da shi, ba ya buƙatar gora.

"Akwai ɗaya," in ji shi a hankali. Bai nuna da hannu ba.

Na shiga ni kaɗai, don ƙafafunsu sun ƙi. Zauren ya yi sanyi kamar cikin tulu. Na shimfiɗa gorar a gefen karagar. Daidai, ko yatsa bai ragu ba.

Sai loɓawar nan ta matsa gefe, ta bar wuri.

Muryar ba ta dodo ba ce, Yaya, da ta fi sauƙi. Muryar kowa ce a haɗe. Na ji ta Malama Asabe a ciki, na ji ta Baba, na ji taki, na ji tawa. Ta ce, "An gode. An ga ƙoƙari. An gaji, ko? A zauna a huta. Za a naɗa Magajiyar Gada, mai bajo na zinariya. Sauran ɗaya ne kawai, za a ƙarasa."

Kuma na gaji ɗin. Shimfiɗar tana da laushi, tana da ɗumi. Na fara karkata zan zauna a kai. Na ce bari in ce ni zan ɗauke ta, ni wance. Na nemi sunan na rasa. Na duba hijabi, ga wani jan abu mai ciki biyu, ban san me ake kiransa ba, kuma bakin zarensa ya fara ɗagowa.

"Barira!" Sandar Iya ta daki ƙyauren. "Barira 'yar Sambo mai keke, uban wa ya ce ki ɗauka ke kaɗai? Aikinki ɗauka ne?"

Na dafe zaren da babban yatsa. Na juya wa karagar baya, abin da ba a taɓa yi ba a zauren. Na ce, "Ni Barira, ni zan riƙe gora in shiga gaba. Baba Cindo, ƙafar dama ta gaba. Baba Tanko, ta hagu. Baba Bawa, Baba Mati, na baya. Yanzu, ba gobe ba. Wa ya ɗauka?"

"Ni Cindo na ɗauka." Ya tako ciki. "Ni Tanko." "Ni Bawa." "Ni Mati, kuma ni zan cire mata ƙafafun da hannuna."

Da suka kama, ta yi nauyi har jijiyoyin wuyansu suka fito. Muryar tana ta cewa a dakata, a yi shawara, a kafa kwamiti. Amma kowane taku, idan ɗaya ya ce "ni na riƙe nan," sai ta ragu. A bakin gada Mati ya fizge shimfiɗar ya wurga a rami. Ta daɗe tana faɗuwa, tana juyi, kamar tana neman wanda za ta kira, ba ta san sunan kowa ba. Abin da ya rage a hannunsu katako ne kawai, tsohon maɗaci mai kyau.

Hayaƙi ya kai idon sawu lokacin da Bawa ya ɗaure igiyar ƙarshe. Cindo ya ce in tsaya su naɗa ni wani abu, ko mene ne, don ba su san yadda ake godiya ba sai da rawani. Na ce ya ba Iya Tabawa rumfa mai rufi, ruwa yana dukanta.

"Za a…" Ya tsaya. Ya yi murmushi da sabon bakinsa. "Ni da Mati, ranar Laraba."

"Zan ji ƙarar gudumar ko ba na gani," in ji Iya. Ta shafa fuskata, ta ja hancina da ƙarfi har ya dawo. "Yi gudu, 'yar nan."

Na bi ta kan karagar A da takalmin makaranta, na ture ƙofar, na faɗo cikin sito a kan kwalin alli. A aji ko layi biyu ba su gama kwafa ba.

Ga kuma sabon labarin. Na miƙa allin na ce, "Malama, ƙofar siton nan ta kusa karya mini kafaɗa." Ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Za a gyara." Wallahi Yaya, daga bayan bango na ji wani abu ya gyara zama. Na durƙusa na ce, "Malama, don Allah ba rashin kunya ba ne. Wa za mu gaya wa, kuma yaushe? Ni zan je." Monita ta zaro ido. Malama ta ɗago ta dube ni, sannan ta ce, "Malam Ɗanjuma kafinta. Ki ce ni Asabe na ce gobe da safe, kuma ki dawo ki faɗa mini abin da ya ce." Na je. Ya ce ƙusa huɗu ce da fatar ƙyaure ɗaya, shekara tara ba wanda ya taɓa zuwa ya ce masa shi zai yi. Ni zan tsaya a kai gobe har ya goge rubutun.

Iyakar tafiyata ke nan, daga ƙofa zuwa ƙofa, ban ƙara ba ban rage ba, kuma wanda ya ce mafarki ne ya kawo mini haruffana biyar.

Saura ɗinkin. Kin ga bakin zaren B ɗin ma ya ɗago, tun ɗazu da yatsa nake danne shi. A'a, Yaya. Na ga bakinki, na san abin da za ki ce. Kada ki ƙarasa shi, rana ta kusa faɗuwa. Ga allura, ga jan zare, na riga na zura miki.